Yatsa Huɗu Tsakanin Ƙarfe da Kankare

Mardiyya ce a gaba a kan ƙaramin babur ɗinta, Naziru yana biye a kan nasa, ya bar tsakaninsu tazarar da ya ce ita ta dace da mutum biyu da ba a ɗaura wa aure ba tukuna. Haka suka taho tun daga Dogon Dutsi, suka wuce Kiyeshe, suka kama hanyar yashi mai gangarawa Tungar Marke. Rana ba ta gama ɗagawa ba. Can gabas akwai wani ɗan hadari da ya yi kwana uku yana leƙowa yana komawa, manoma kuwa sun gama sharar gona sun zauna jiransa.

Ta madubi take kallon Naziru. In ta rage gudu ya rage, in ta ƙara ya ƙara, gemunsa ya yi ja da ƙura. Ta yi dariya ita kaɗai cikin hijabinta. Saura wata biyu da kwana tara a ɗaura musu aure.

A wurin aikin gadar suka san juna. Ita kamfani ya ɗora a kan duba aikin, gada ta farko da aka damƙa mata tun da ta gama karatu a Yamai. Shi kuma mai walda ne, da rumfarsa a bakin kasuwar Dutsi, aka ɗauko shi don haɗa ƙarafa. Gadar gaɓa uku ce. Gaɓoɓin gefe biyu suna zaune a kan gajerun sandunan kankare da aka zuba nan bakin ƙorama. Tsakiyar ƙoramar kuwa yashi ne mai zurfi, aka haƙa aka haƙa ba a tarar da ƙasar da za ta riƙe ginshiƙi ba, sai aka tsallake ta da sandunan ƙarfe huɗu, kowane mita talatin da shida. Mutanen gari ba su wahalar da kansu da sunan Faransanci ba, azara suke ce musu duka, azarar ƙarfe da azarar siminti. Inda ƙarshen ƙarfen ya tarar da kankare ta wajen gari, an bar sarari na faɗin yatsa huɗu, ya ratsa hanyar daga wannan gefe zuwa wancan. Mardiyya da hannunta ta auna shi, sau ba adadi.

Yau ce ranar karɓar aiki. Mutanen Dosso za su zo bayan azahar, a gabansu babban mai duba ayyuka, Mushe Abdulwahid, wato Malam a bakin masu Faransanci, wanda ma'aikata ke rage murya in za su ambaci sunansa. In ya sa hannu, a yau za a cire ƙofofin waya da suka toshe bakin gadar biyu. In bai sa ba, kamfani zai kulle ya tafi da mabuɗai, ba mai dawowa sai bayan damina.

Bikin Mardiyya kuwa a tsakiyar damina yake, lokacin da ƙorama ke cika ta batse. Kakarta Inna Basira, wadda ta goye ta har ta isa shiga lakwal, wato makarantar boko, a hayin can take, a Tungar Marke. Shekara shida da suka wuce, a bikin yayarta Rahina, tsohuwar ta yi kwana biyu a bakin ruwan nan da ƙullin kayanta da tukwanen da ta saya wa amarya, ruwa ya ƙi sauka, aka yi biki aka watse ba ita. Ba ta taɓa yin zancen ba. Mardiyya ce dai ta ga tukwanen daga baya, a kife a bayan rumbu, ta shiga ɗaki ta yi kukan da ba ta gaya wa kowa dalilinsa ba. Duk ranar da ta tsaya a kan gadar nan rana na dukanta, tukwanen nan take gani.

Jibo mai gadi ya buɗe musu ƙofar waya tun kafin su kashe babur. Ɗan ƙanin marigayi mijin Inna ne, dattijo mai furfura a haɓa, yau kuma murmushinsa ya yi yawa.

"Anjiniya, an sauka lahiya? Ya Dosso?"

"Lafiya lau, Kawu. Kwana huɗu kamar wata. Ba abin da ya faru dai?"

"Sai alheri. Alheri ma babba."

Ta dube shi, ta ɗauki mitarta ta hau gadar. Ta taka gaɓar farko, ta shiga ta ƙarfe, tana duba dogaran gefe masu tare mutum kada ya faɗa da ramukan zubar ruwa, tana jin ƙirjinta na cika da abin da ba ta da sunansa. Ta kai ƙarshen ƙarfen, ta tsaya.

Babu sararin.

A madadinsa wani jan layi ne mai sheƙi, sumul kamar bayan ƙwarya, ya tashi daga wannan gefe ya dire a wancan. An daɓe shi da jar tsakuwa. An ma bi bakinsa da ɗan zane na yatsa, irin wanda ake yi wa dokin ƙofar amarya. Ta durƙusa ta shafa. Ƙamshin makuba ya bugi hancinta, ruwan ɓawon ɗorawa da mata ke zuba wa daɓe ya yi tauri. Ta ƙwanƙwasa da bakin mita, ya amsa kamar dutse. Sai dai wata tsaga siririya kamar gashi a jikin bakin ƙarfen.

Naziru ya iso ya tsaya a bayanta.

"Shef," ya ce, haka yake kiranta a wurin aiki, "aikin dai ya yi kyau."

"Malam, kada ka sa ni kuka."

"Ni ma kukan nake ji. Amma dubi bakin zanen nan."

Ta juya wajen Jibo, wanda ya biyo su yana murza hularsa. "Kawu, wa ya yi wannan?"

"Wa zai yi in ba mai shi ba? Inna ta ce in buɗe, ni kuwa ban iya ce mata a'a ba tun ina yaye."

Ba a kai ga aika kowa ba, sai ga su tafe daga wajen gari. Mata ne sun fi ashirin, wasu da ƙwarya a kai, wasu da madaɓai a hannu, guntayen itacen nan masu faɗin baki da ake bugun daɓe da su. A gabansu Inna Basira, gajeruwa, da sandarta, tana jan ƙafar hagu. A ƙasar nan duk ɗakin amaryar da ake son daɓensa ya kai jikoki, ita ake ɗaukowa a amalanke. Da ta hango jikarta sai ta ɗan tsaya, ta gyara ɗaurin zane, sannan ta ƙaraso kamar ba komai.

Mardiyya ta durƙusa ta gaishe ta. Naziru ya rusuna daga nesa.

"'Yar lakwal, kin yi sammako. Cewa anka yi sai azahar." Ta harari Naziru. "Har da maƙerin ƙarya kika taho."

"Ina kwana, Inna."

"Da ban kwana ba ka gan ni? Ƙoharka na nan na jiranka."

Bara, da ya fara neman auren Mardiyya, Naziru ya ƙera wa tsohuwar ƙofar ƙarfe ya kafa mata a ɗaki. Tun daga ranar bai huta ba.

"Inna," Mardiyya ta ce, "me ya sa?"

Tsohuwar ta kama hannunta ta ja ta gefe, can jikin dogaran gada, inda sauran mata ba za su ji ba. Ta rage murya.

"Ke yarinya ce, aikinki na hwari ne, kowa na kuskure. Ranar da kit tahi Dosso na zo in ga gadar da idona. Sai nig ga tsaga, hannuna duka na shiga, ana hango yashi ƙasa. Nic ce manyan mutane za su zo da motoci su ga wanga, su ce ɗiyar gidan Basira ta yi gini ya tsage tun ba a taka shi ba? Ina raye? Na tara mata, munka cusa kara da tsohuwar tabarma daga ƙasa, munka zuba tsakuwa. Ba wanda zai ji. Na rantsar da su ɗaya-ɗaya."

Fushin da Mardiyya ta taho da shi daga tsakiyar gada ya narke. Ta kalli hannun da ke riƙe da nata. Tafin ya yi kanta, makuba ta rina farcen.

"Kwana nawa kuka yi kuna wannan aiki?"

Nan fuskar Inna ta canza. Ta kalli ƙasa.

"Yau na huɗu. Shi ne abin da ban gane ba, Mardiyya. Shekara hamsin ina daɓe, ba a taɓa kirana gyara ba. Wanga kuwa, mu daɓe shi da sahe sumul, da rana ta take sai ya kumbura ya tattaro kamar ana matsa shi, in gari ya waye kuma ya saki baki, ga tsaga siririya ta dawo. Mu sake. Jiya da marece na canza tsakuwa, na ƙara makuba, ga shi yau ma mun zo dubawa." Ta haɗiye miyau. "Sahura matar ɗan'uwanki na cewa doguwar ƙorama ce, aljanar nan, ba ta son a rufe mata hanya. Ni kuwa na san ba doguwa ba ce. Hannuna ne ya tsuhwa."

Mardiyya ta rungume ta nan a gaban mata, abin da ba ta yi ba tun tana ƙarama. Tana kuka tana dariya, har tsohuwar ta fara ture ta.

"Ke, sake ni, mi ya same ki?"

"Inna, hannunki lafiyarsa lau. Gadar ce ke motsi."

"Motsi?"

"Tsagar nan da gangan muka bar ta. Ƙarfe in ya sha rana yana miƙewa, in ya sha sanyi ya koma. Kankare ma yana yi, amma gaɓarsa gajera ce, ba a lura. Wannan azarar doguwa ce, kullum sai ta miƙe ta dawo. In ba ta samu wurin miƙewa ba, kankaren za ta tura, wata rana ta fasa shi. Yau in Mushe ya tarar da wurin a toshe, ba zai sa hannu ba."

Inna ta dube ta sama da ƙasa. "Ƙarhe na miƙewa. Shi an nan abin da anka koya miki Yamai?"

"Wallahi, Inna."

"Tauri gare shi ya hi kan Jibo, shi za ya miƙe kamar wanda ya tashi barci?"

Matan da suka matso suka fashe da dariya. Mardiyya ta duba agogon wayarta. Takwas saura. Ta san kakarta. Ba mace ɗaya a nan da za ta ɗaga hannu ta fasa daɓen Inna Basira in ba ita ta ce ba, kuma in aka kira maza suka fasa da ƙarfi a gaban idonta, to ko an buɗe gadar ba za ta taka ta ba har ta mutu.

Naziru ya yi gyaran murya.

"Inna, in yi tambaya?"

"Tambayi, tunda aiki ya gagare ka."

"Ƙofar nan tawa, yaushe take ƙin rufuwa?"

"Kullum."

"A'a, Inna, ki tuna dai. Da asuba in kin fito alwala?"

"Da asuba tana ruhuwa. Har kwaram-kwaram takai, iska na kaɗa ta."

"Da la'asar fa, in rana ta juyo ta dake ta?"

"Sai na sa gwiwa. Ran nan har Sahura nik kira ta tura min."

Ta faɗi haka, sai ta tsaya da bakinta a buɗe. Ta juya ta kalli jan layin daɓen, ta kalli doguwar gaɓar ƙarfen har can ƙarshenta, ta dawo da idonta kan Naziru.

"Ashe ƙohar ba ta da laihi," ta ce a hankali.

"Ni ne da laifi, Inna. Da na bar mata yatsa ɗaya kamar yadda Shef ta bar wa gada huɗu, da ba ki zage ni shekara guda ba."

"To ka ga, zagin ya hau wurinshi ke nan." Ta miƙa sandarta ga Sahura, matar jikanta, wata doguwa mai fara'a. Ta sunkuya da kyar ta shafa daɓen, tun daga zanen baki har tsakiya, kamar mai shafa kan jariri. Sannan ta miƙe. "Ban yarda duka ba tukuna. Ku huda min nan gehe. Wani ya ba ni kara."

Naziru ya sa dagi ya fasa ɗan wuri a gefe har sarari ya bayyana. Inna ta karɓi karan gero, ta gwada shi a tsakanin ƙarfe da kankare, ta sa wuƙar Jibo ta yanke shi daidai, ya shiga ya fita ba matsi ba sako-sako. Ta ƙulle shi a bakin zanenta.

"In rana ta take mu gani. Ku kuma mi kuke kallo? Mu munka sa, mu za mu cire. Kada namiji ya taɓa min aiki."

Abin da aka yi kwana huɗu ana ƙarfafawa bai fita da sauƙi ba. Naziru ya tattaro guntayen ƙarfen gini da suka rage, yana lanƙwasa bakinsu a jikin dutse yana miƙa wa mata, su kuma suka jeru a durƙushe daga gefe zuwa gefe, suna sara suna ƙwaƙulowa. Mardiyya ta naɗe hijabinta ta shiga layi, tana roƙonsu su yi hankali da bakin ƙarfen. Sahura ta ɗauko waƙar daɓe ta juya ta, ta sa sunan Naziru a ciki, mai ƙofar da ke rufuwa da asuba ta yi yaji da la'asar, mata na amsawa suna buga ƙarfe a kan kari. Naziru, da ba ya tsayawa inda ake waƙa, ya rasa inda zai sa kansa. Ya sauka ƙarƙashin gada wai zai kwashe abin da ke zubowa, amma Mardiyya ta hango shi ta cikin tsagar, kafaɗunsa na girgiza.

"Malam, dariya kake?"

"Tari ne, Shef. Ƙura."

Rana ta hau. Kankare ya fara ƙona gwiwa, aka shimfiɗa zannuwa. An ci kashi biyu cikin uku, Inna na zaune a kan turmin da aka kifa mata tana ba da umarni, sai Jibo ya taho da sauri yana nuna yamma. Ƙura ce ta tashi, a gabanta farar mota, a bayanta manyan motoci biyu shaƙe da yashi, waɗanda za a gwada nauyin gadar da su. Sha ɗaya da rabi. Sun yi sammakon da ba wanda ya roƙe su.

Mushe Abdulwahid siriri ne, da farin gilashi da takardu a hammata. Ya tako har tsakiyar gada, mutum uku na bin sa, ya tsaya yana kallon mata ashirin da ƙarafa a hannu suna haƙar gadar da ya zo karɓa. Waƙa ta mutu.

"Madmazel Mardiyya," ya ce, "wannan fa?"

Ta miƙe, jar ƙasa har gira. Ta ji ƙarya mai sauƙi ta zo bakinta, ta ce shara ake yi. Ta haɗiye ta.

"Mushe, an toshe sararin da daɓe ina Dosso. Laifina ne, ban yi wa mutanen gari bayaninsa ba. Muna cirewa."

"Laihinta na ina?" Inna ta taso da sandarta. "Ni nis sa. Yaro, in hukunci za ka yi, ga ni."

Ɗaya daga cikin mutanen Dosso ya juya baya don kada a ga fuskarsa. Mushe bai yi murmushi ba. Ya gaishe da tsohuwar da ladabi, ya ce a ƙarasa, zai jira. Ya sauka ƙarƙashin gadar ya yi kusan awa guda yana bin ƙusoshi da wurin walda ɗaya bayan ɗaya, Naziru na biye da shi. Da mata suka gama, aka share, aka wanke da ruwa, ya hau tsani da kansa ya haska fitila a kan robobin da ƙarshen ƙarfen ke zaune a kai, ya sa yatsa ya shafo. Sannan aka hau da motocin yashi suka tsaya a tsakiya. Mardiyya ta sa ido a na'urar awo, ta karanta masa lamba. Ƙarfen ya sunkuya daidai yadda lissafi ya ce, da motocin suka sauka ya koma wurinsa.

Mushe ya buɗe takarda a kan bonet ɗin mota, ya zare biro. Sai ya mayar da murfin biron.

"Ginin ba shi da aibu," ya ce. "Amma ina da damuwa. Na ga gadoji da yawa da wannan wurin ya kashe. Yashi ya cika shi, kara da kashin jaki su danne, ba mai dubawa. Nan kuma har an taɓa toshe shi da gangan. In na tafi, wa ya tabbatar min wata mai tausayi ba za ta sake rufa wa gada asiri ba? Gara a kulle, bayan damina kamfani ya sa masa murfin roba, in dawo."

Bayan damina. Mardiyya ta juya ta kalli kakarta.

Inna Basira ta kwance bakin zanenta.

"Yaro, zo nan."

Ya bi ta har bakin tsagar. Ta ɗaga guntun karan ta nuna wa kowa.

"Da sahe na yanke wanga daidai wurin nan, gaban matan ga duka. Jikata ta ce ƙarhe na miƙewa, nic ce sai na gani." Ta durƙusa, Sahura na riƙe da kafaɗarta. Ta kai karan. Ya ƙi shiga. Ta juya shi, ta danna, ya tsaya a baki, ya fi wurin da kusan kaurin ƙaramin yatsa. Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa. Da ta ɗago, idonta ya cika da ƙwalla, fuskarta kuwa kamar ta yarinyar da aka ba sabon zane.

"Ya miƙe," ta ce. "Kun gani? Abu kamar dutsi, ashe numhwashi yakai. Mardiyya, ashe gaskiya kika karanto."

Sahura ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Inna ta ɗaga hannu suka yi shiru, ta juya ga Mushe.

"Ka ce wa za ya duba. Ni. Wadda ta toshe shi kwana huɗu ta hi kowa sanin halinshi. Kowace Juma'a da sahe za mu share shi, ni da matan ga, in ƙwaƙule da ƙugiyar maƙerin can. Wanda duk ya zuba ko ɓawon gujiya a ciki, da ni zai yi. Tambayi garin ga ko ana tsallake maganata."

"Ba a yi," Jibo ya ce da sauri.

Mushe Abdulwahid ya karɓi karan, ya durƙusa da wandonsa mai guga, ya gwada da kansa. Ya cire gilashi ya goge. A karon farko tun zuwansa haƙoransa suka bayyana.

"Inna, shekara ashirin ina koya wa ma'aikata wannan abu da allo da alli, ban taɓa tunanin kara ba. Mene ne cikakken sunanki?"

Ya rubuta shi a takardar, a ƙarƙashin wurin da aka tanada don mai kula da gada, sannan ya sa hannu. Ya nemi ta bar masa karan. Ta ce a'a, ya yanki nasa.

Naziru ne ya kwance ƙofofin wayar. Da ya zo wucewa da ɗaya a kafaɗa, ya tsaya kusa da Mardiyya, kusa fiye da yadda ya saba, ya ce ba tare da ya dube ta ba, "Shef, na auna. Tsakanina da ke yanzu yatsa huɗu ne."

"Rana ce, Malam. Da sanyin safiya za ka koma wurinka."

"Saura wata biyu da kwana tara," ya ce, ya wuce da ƙofarsa. Washegari ya dawo Tungar Marke da abin goge ƙarfe, ya rage wa ƙofar Inna yatsa ɗaya.

Ranar kai amarya an kwana ana ruwa. Ƙorama ta cika ta yi ja, tana tafe da rassan itace tana dukan ginshiƙai. Mardiyya na zaune a ɗakin mahaifiyarta a Dogon Dutsi, lalle a hannu, ƙawaye sun kewaye ta, ita kuwa idonta na kan waya. Sha ɗaya ta wuce, mutanen Tunga ba su iso ba. Ta kira Sahura.

"Kuna ina? Ruwa ne?"

"Wane ruwa, amarya? Muna bisa gada, amalanke shida, ga tukwanenki har da na Rahina da Inna ta tono bayan rumbu." Ƙarar ruwa na shigowa ta wayar, da kukan jaki, da dariyar mata. "Ita ta tsai da mu. Ta ce yau Juma'a, ruwan jiya ya tara yashi, ba mai wucewa sai ta share."

Can nesa Mardiyya ta jiyo muryar tsohuwar tana faɗa da wani ya kawar da ƙafarsa daga kan tsagar. Ta kifa fuskarta a kan gwiwa, lallen na ɓata mata zane, ƙawaye na tambayar lafiya.

"Ki ce mata ta share da kyau," ta ce. "Muna jira."